Haruffan Kwalin Turare: Yadda Ake Aiki da Su a Kati, Kwalba da Allon Shago

Babu tambayar da 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda da Madina suka fi maimaita mini kamar ta haruffan boko ɗin nan masu kauri a tsaye da siranta a kwance, irin waɗanda ake gani a goshin mujallun Vogue da Harper's Bazaar da kuma kwalayen turaren Faransa. Hajiya mai humra da turaren wuta tana so a liƙa mata su a kwalba. Uban amarya yana son su a katin gayyata da ruwan zinare. Mai shagon abaya a wajen Bab Sharif yana son su a saman ƙofarsa. Ƙorafin kuwa kusan ɗaya ne: a waya abin ya yi kyau, da aka karɓo daga maɗaba'a sai ga haruffa kamar ɓera ya gwigwiye su.

Ka buɗe babban H a salon Bodoni ko Didot, wato fitattun salo biyu na wannan dangin haruffa, ka duba shi da kyau. Sanduna biyun da ke tsaye masu kauri ne, layin da ya haɗa su a tsakiya siriri ne ƙwarai, haka ma 'yan ƙafafun da ke sama da ƙasa, a miƙe suke babu lanƙwasa. Wannan siririn layi zan riƙa kiransa sili. Duk kwarjinin haruffan a jikinsa yake, kuma shi ne abin da injin bugu da wuƙar yankan sitika da zafin rana suke fara cinyewa. Matakan da ke ƙasa duka hidimar kare shi ce, don haka a bi su a jere.

1. Fara da inda rubutun zai zauna

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka tambayi mai aikin abu uku: a kan me za a buga, yaya girmansa, kuma daga wane nisa za a karanta. Amsoshin nan su ne za su nuna maka ko haruffan sun dace da aikin tun asali.

An yi su ne don manyan rubutu gajeru: sunan shago, sunan turare, sunayen ango da amarya, kanun talla. Manhajojin zane suna auna girman harafi da pt, guda 72 ke yin inci ɗaya, wato pt ɗaya ya kai kusan milimita 0.35. Daga pt 24 zuwa sama haruffan suna sakewa su nuna kansu. Ƙasa da haka silin yana fara dushewa, sai ido ya riƙa ganin sanduna kawai suna walwali, karatu ya yi wuya.

Gargaɗi: akwai wuraren da ya fi kyau ka gaya wa mai aiki gaskiya tun farko. Surfani a jikin abaya ko jallabiya, hatimin roba, takardar rasit ta injin kashiya, jakar takarda mai kaushi, duk ba sa riƙe sili. Idan Hajiya ta ce, "Ɗana, ni dai irin na kwalin nan nake so a ko'ina," ka yi mata tambari biyu masu kama da juna, ɗaya siriri na kwalba da kati, ɗaya mai ɗan nama na surfani da hatimi.

2. Zaɓi salon haruffa

Ba ka buƙatar kashe riyal ko ɗaya a nan. Shafin Google Fonts yana da su da dama a ƙarƙashin lasisin SIL Open Font License, wanda ya yarda a yi kasuwanci da su.

Playfair Display, wanda Claus Eggers Sørensen ya fitar a 2011, shi na fi ba sabon hannu, domin silinsa yana da ɗan juriya kuma yana cikin manhajar zane ta Canva. Bodoni Moda ya fi shi tsauri da kama da kwalin turare, yana kuma da wata baiwa da za mu amfana da ita a mataki na 7: ana iya zaɓar zanen da aka yi wa ƙaramin girma ko babba, daga 6 har 96, kaurin silin yana canzawa. Abril Fatface mai ƙiba ne, ya dace da fosta da allon da za a hango daga tsallaken titi. Prata yana da laushi, yana kyau a kayan mata. Cormorant kyakkyawa ne amma siriri ne tun daga sama har ƙasa, kada ka kusance shi sai a babban girma a kan takarda mai sulɓi. Sai Noto Serif Display, wanda ga mu Hausawa yana da wani fifiko da zan faɗa yanzu.

Idan na kuɗi kake so, ka karanta lasisin kafin ka biya. Yawancin kamfanoni suna sayar da izinin kwamfuta daban, na shafin intanet daban, na manhajar waya daban. Mai biyan kuɗin Adobe yana da rumbun Adobe Fonts a cikin kuɗinsa.

Gargaɗi: tarin haruffan da ake turawa a Telegram ko a ba ka a filashi, da yawansu na sata ne ko kuma an yarda ne a yi amfanin kai da su kawai. Tambarin shago kasuwanci ne, kuma haƙƙin wani haƙƙi ne ko da ba zai taɓa sani ba.

3. Gwada ƙ, ɗ da ɓ kafin komai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ɓata mini rai idan na gani a titi. Masu zana irin waɗannan haruffa galibi Turai suke kallo, saboda haka da yawa ba su saka haruffanmu masu ƙugiya ba. Abin da ke faruwa shi ne, ka rubuta "Turaren Ɗaki", manhaja ta nemi Ɗ ta rasa, sai ta aro shi daga wani salo ba tare da ta sanar da kai ba. Ka matso da fuskarka: T da u da r suna tsaye da ƙafafunsu da silinsu, Ɗ kuwa ya fito da kauri bai ɗaya, babu ƙafa, ya ɗan fi sauran gajarta. Wani lokacin ma akwati ne fanko yake fitowa. Mai sauri ba ya lura sai an buga sitika dubu.

Ka rubuta wannan jimla a akwatin gwajin da ke shafin Google Fonts, ko a cikin manhajarka:

Ƙanwar Ɗanladi ta ɓoye ƙwai a ɗaki. Ɓarawo!

Ta ƙunshi manya da ƙananan ƙ, ɗ da ɓ gaba ɗaya. Ka gwada ta a tsaye, ka gwada a karkace, ka gwada a mai kauri, domin wani salon yana da su a ɗaya ba shi da su a ɗayan. Idan mai aikin ɗan Nijar ne yana rubuta ƴ a maimakon 'y, ka ƙara shi a gwajin. Noto Serif Display yana da su duka, shi ya sa idan sunan yana da ƙugiya nakan fara da shi.

Wajen shigar da haruffan, a waya Gboard yana da Hausa. A Word na kwamfuta ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, zai koma ƙ. Haka 0257 zai ba ka ɗ, 0253 ɓ, 0198 Ƙ, 018A Ɗ, 0181 Ɓ. Daga nan sai ka kwafa zuwa manhajar zane.

To idan salon da mai aiki ya ƙwallafa rai a kai ba shi da su fa? Idan kalma ɗaya ce ta tambari, ana iya ƙera ƙugiyar da hannu. Ka mayar da rubutun zane kamar yadda mataki na 7 ya nuna, ka rubuta ƙaramin f na salon a gefe, ka yanko kansa mai lanƙwasa da ɗigon da ke ƙarshensa, ka cire ƙafar saman k ko d ko b, ka dasa kan f ɗin a wurin yana kallon dama. A manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyar tana fitowa ne ta hagu daga sama, a Ƙ kuma hannun dama na sama ne yake lanƙwasowa. Ka tabbata kaurin mahaɗar ya yi daidai da sandar harafin, kada a ga ɗinki.

Gargaɗi: kada ka cire ƙugiya ka bar k ko d tsura don gudun wahala. Tsakanin ɗaki da daki, ko ƙasa da kasa, mai karatu yana ganin bambanci, kuma kwalba mai tsada da rubutu gurgu ba ta burge kowa.

4. Nema masa abokin zama na Larabci

A ƙasar nan da wuya aiki ya tafi babu Larabci, a allon shago da jikin kaya ma shi ne gaba. Akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani: kaurin Bodoni a tsaye yake, na rubutun Naskhi kuwa, saboda yankan bakin alƙalami, ya fi zama a kwance, alif da lam su ne sirara. Ba za su taɓa zama tagwaye ba. Abin da kake nema shi ne su yi daidai a nauyi, idan ka lumshe ido ka hango su kada ɗaya ya fi ɗaya duhu.

Amiri, wanda Khaled Hosny ya zana bisa haruffan maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, yana zama lafiya da Playfair da Bodoni, kuma kyauta ne. Aref Ruqaa yana kyau a gajeren suna. Idan kuwa katin aure ne na alfarma ana son sunaye da salon rubutun Larabci na Sulusi, gara a biya mai rubutun hannu ya rubuta, a ɗauki hoton a mayar da shi zane. Hannun gwani ya fi na'ura a wannan fanni.

A girma ɗaya Larabci yakan fito ƙarami a gefen boko, sai ka ƙara masa har ido ya gamsu. Kada ka buɗa tazara tsakanin haruffan Larabci, a haɗe suke, za ka tsinka su. Idan kana son kalmar ta yi faɗi, jan layin da ake kira kashida ake sa wa, shi ma kaɗan.

Gargaɗi: manhajar Illustrator da tsofaffin Photoshop, idan ba a kunna musu tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya ba, suna warwatsa Larabci su jera shi daga hagu. Ka ba wanda ya iya karatu ya duba kafin fayil ya bar hannunka. Sannan shawarata ga masu kati: a rage sa ayoyi da sunan Allah a takardar da aka san bayan walima a ƙasa za a tsince ta.

5. Ƙananan rubutu da lambobi

Adireshi, lokacin ɗaurin aure, abubuwan da aka haɗa turare da su, lambar waya, duk a ba wani salo mara ƙafa mai kauri bai ɗaya. Noto Sans da Andika suna da haruffanmu. Ga Larabci, Tajawal ko Cairo ko Noto Naskh Arabic. A kati kada su gaza pt 8, idan kuma dattawa ne za su karanta a kai 10. Salo biyu na boko sun isa aiki ɗaya.

Gargaɗi: lambobin Playfair Display na asali suna hawa suna sauka, 3 da 4 da 5 da 7 da 9 suna zurara ƙasa da layi, 6 da 8 suna miƙewa sama. A cikin jimla abin yana da kyau, amma lambar waya mai guda goma da ta fara da 05 sai ta zama abin ƙura ido. Ko ka kunna daidaitattun lambobi a sashen OpenType, ko ka rubuta lambar da salo na biyu. Idan za ka sa kwanan Hijira da na Miladiyya tare, ka raba su layi biyu, ka kuma duba kalandar Ummul Ƙura kada ranar mako ta saɓa.

6. Gyara tazara

A babban girma duk ramin da ke tsakanin haruffa yana fitowa fili. Ka lura da inda A ya haɗu da V ko W ko Y, da inda T ya biyo da ƙaramin harafi, kamar Ta, ko Tu na farkon "Turare". A Illustrator ka sa alamar rubutu tsakanin haruffan biyu, ka riƙe Alt ka danna kibiyar hagu ko dama. A CorelDRAW kayan gyaran siffa da ke kan F10 yana ba ka damar jan kowane harafi shi kaɗai. Dabara mai sauƙi: ka juya kalmar kanta a ƙasa, ka daina karanta ta, sai ka ga ramukan.

Idan sunan duka da manyan haruffa ne, ka buɗa su kaɗan, tsakanin 50 zuwa 100 a ma'aunin Illustrator. Ƙananan haruffa a bar su yadda aka zana su. Kanu mai layi biyu kuma a matse layukan, tazarar ta zama daidai da girman harafin ko ta ɗara da kashi 10 cikin ɗari, amma a duba kada wutsiyar g ko y ta taɓa ƙugiyar ƙ da ke layin ƙasa.

Gargaɗi: kada ka ja rubutu ta gefe don ya cika wuri, ko ka ja shi sama don ya yi tsawo. Jan gefe yana ƙara wa sanduna ƙiba ya bar sili yadda yake, jan sama yana kumbura silin, duka biyun suna rusa ma'aunin da aka gina harafin a kai. Haka nan inuwa da kewaye mai kauri da sheƙin bogi, waɗannan haruffa ba sa ɗaukarsu.

7. Auna silin

Nan ne zuciyar aikin. Allon waya da na kwamfuta suna yaudara, domin kana iya zuƙo abu har ya cika ido. Injin bugu kuwa ainihin girman yake gani.

Ka kwafi rubutun gefe a girmansa na gaskiya, ka mayar da shi zane: Ctrl da Q a CorelDRAW, Ctrl da Shift da O a Illustrator. Ka zuƙo wuri mafi siranta, layin tsakiyar H ko e, ko hannun hagu na A. Ka zana ɗan akwati ka daidaita shi da kaurin wurin, ka karanta tsayinsa da milimita. Sai ka gwada da iyakar abin da za a yi aikin da shi.

Ga baƙar tawada a kan farar takarda mai sulɓi, iyakar da maɗaba'u suka saba bayarwa ita ce pt 0.25, kusan milimita 0.09. Idan farin rubutu ne a cikin baƙi ko kore mai duhu, ka ninka zuwa pt 0.5, domin tawadar da ke kewaye tana malalowa ta cike silin. Ruwan zinare na zafi yana son pt 0.5 zuwa 1, gwargwadon takardar. Sitikar yanka kuwa wata duniya ce: ka tsaya kusa da mai ɓare ta ka gani, da tsinin wuƙa yake ɗaga rarar ledar, duk layin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba yakan biyo rarar ya taso, sai ya mayar da shi da yatsa a karkace. A roba mai ƙarfi ta akirilik da ake yankawa da leza, kada silin ya gaza kaurin farantin kansa, in milimita 3 ne to 3.

Lissafin yana da sauƙi. A ce ka auna ka ga silin kashi ɗaya ne cikin 50 na tsayin harafin. Harafi mai tsayin santimita 20 zai ba ka milimita 4, ya wuce. Mai santimita 5 zai ba ka milimita 1, ya faɗi a sitika.

Idan ya faɗi, hanya uku ce. Ka ƙara girman rubutun. Ko, a Bodoni Moda, ka sauko daga zanen 96 zuwa na 28 ko 18 ko 11, kamannin yana nan amma silin ya yi nama. Ko ka ƙara wa zanen kewaye siriri mai launinsa, milimita 0.05 zuwa 0.1 a aikin takarda, sannan ka narkar da shi cikin harafin.

Gargaɗi: komawa mai kauri ba ya magance matsalar. A wannan dangi na haruffa sanduna ne suke ƙara ƙiba, silin kusan yana nan inda yake. Ka sake aunawa, kada ka ɗauka.

8. Launi

Siririn rubutu yana son tawada ɗaya. Idan baƙi ne, a cikin tawada huɗu na bugu da ake kira CMYK ka sa K, wato baƙi, 100, sauran uku sifili. Baƙin da aka haɗa da launi huɗu, da zarar farantin buga launi ɗaya ya goce kaɗan, sai ka ga ja ko shuɗi yana leƙowa a gefen silin. Launin zinaren da kake gani a allo kuma, idan aka buga da tawadar CMYK, ruwan ƙasa ne mai rawaya, ba ya sheƙi. Zinare mai ɗaukar ido sai an buga shi da zafi. Kada ka ɗora haruffan a kan hoto mai hayaniya, hoton hayaƙin turare ko zanen lalle, ka ba su fili mai launi ɗaya da sarari a kewaye.

9. Shirya fayil

Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya da rubutu a raye don gyaran gaba, ɗaya da aka mayar da komai zane, shi za ka kai. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki da aƙalla milimita 4 ko 5. Hotuna su kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Ka fitar da PDF, in akwai zaɓin PDF/X ka ɗauke shi. Abin da za a yi wa zinare a raba shi a shafinsa daban, a yi shi da baƙi tsantsa. Mai aiki da Canva ya zaɓi PDF na bugu.

Gargaɗi: kada ka kai JPG ko hoton allo. Silin da ya zama ɗigo-ɗigo babu injin da zai dawo da shi.

10. A maɗaba'a: takarda, kuɗi da gwaji

Ka nemi takarda mai sulɓi, wadda suke ce wa kushe, giram 300 zuwa 350 ga kati. Mai kaushi tana da daɗin taɓawa amma tana karya sili. Sulufan, wato siririyar ledar da ake rufe kati da ita, mara sheƙi a sama da zinare a kansa yana fitar da haruffan fiye da mai sheƙi. Sitikar kwalbar humra ko ta man udu ta zama ta leda ce mai rufi, domin mai yana jiƙa ta takarda ya narkar da tawada.

Kuɗin zinare kashi biyu ne: na farantin ƙarfen da ake sassaƙa rubutun a kai, wato kilisha, wanda sau ɗaya ake biya, da na bugawa. A matsayin misali kawai, idan farantin ya ci riyal 200, a kati 100 kowanne ya ɗauki riyal 2, a kati 500 kuwa halala 40. Don haka ga ɗan aiki kaɗan ka tambaya ko suna da zinaren dijital mara faranti, amma ka ga samfurinsa da idonka. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, ka kuma ce a ba ka farantinka bayan an gama, zai yi amfani idan za a sake bugawa.

Kada ka ba da umarnin bugu sai ka riƙe burufa, wato gwaji guda ɗaya a kan ainihin takardar. Ka fita da ita hasken rana, ka miƙa hannu ka karanta, ka matso da ita ka bi silin harafi bayan harafi. Mai aikin ya sa hannu a kanta.

Gargaɗi: gab da Ramadan da lokacin Hajji maɗaba'u suna cika, a nan ne ake cewa "babu lokacin gwaji". Ka kai aikin da wuri don kada a matsa maka.

11. Idan allon shago ne

Allo yana ƙarƙashin lasisin baladiyya, girmansa da wurin kafa shi suna da ƙa'ida, sunan kuma ya dace da wanda ke cikin rajistar kasuwancin. A duba wannan a dandalin Balady kafin a yanka komai.

Ga girman harafi, ƙa'idar masu allo ita ce santimita 2.5 na tsayi ga kowace mita 3 ta nisa. Wanda zai hango daga mita 30 yana buƙatar santimita 25, kuma ga masu sili ka ƙara a kan haka. Zafin Makka yana haura digiri 40 a lokacin bazara, gam ɗin sitika yana saki, siraran wurare ne suke fara naɗewa, ƙura ta shiga ƙarƙashinsu. Haruffa masu fitilar LED a ciki kuma suna buƙatar faɗin da fitilar za ta zauna, silin ba shi da shi, da dare sai a ga sanduna suna haske tsakiyarsu duhu. Mafita ita ce a yanka haruffan a ƙarfe ko akirilik a haska su daga baya ko daga sama. A akwatin haske mai farin fuska ma hasken yana cinye baƙin sili, fuska mai duhu da haruffa masu haske ta fi riƙe shi. Ka buga harafi ɗaya a ainihin girmansa a takarda, ka manna a wurin, ka tsallaka titi ka duba da rana da kuma bayan Isha'i.

12. Idan a waya za a raba

Yawancin katunan gayyata yanzu a WhatsApp suke yawo, shi kuma yana matse hoto, siraran layuka ne suke fara dagulewa. Ka yi wa waya zanenta daban, kada ka tura na bugu: faɗi 1080 da tsayi 1920 ga sitatus, 1080 da 1350 ga Instagram. Ka ƙara girman sunayen, ka zaɓi zanen mai ɗan kaurin sili, ka guji ja a kan baƙi ko zinare a kan fari. Ka fitar da PNG, ka tura wa mai aikin a matsayin fayil don ya isa yadda yake. Da yake shi kuma a matsayin hoto zai rarraba wa dangi a Kano da Zinder da Maiurno, ka fara tura wa kanka ta wannan hanya, ka buɗe a ƙaramar waya mai arha ka rage hasken allon. Idan layin tsakiyar H da e yana nan, kuma ƙugiyar ƙ ba ta haɗe da harafin gabanta ba, ka sallama masa aikinsa.